Kuskuren "null": Abin da ke sa manhaja ta rufe kanta ana tsakiyar aiki

Ɗan kasuwa na tura kuɗi ta waya, ko ma'aikaci na shigar da bayanan albashi, kwatsam sai manhajar ta rufe kanta. Ɗaya daga cikin manyan musabbaban hakan shi ne kuskuren da masana kwamfuta ke kira "null", ma'ana babu komai.

Yawancin manhajojin zamani ana rubuta su ne da harsuna irin su Java da C#, waɗanda ke kasa aiki zuwa abubuwa. Mai rubutu yakan fara tsara samfuri, misali na asusun abokin ciniki, mai gurbin suna da na ragowar kuɗi. Samfurin kamar zanen shago ne a takarda. Sai an ba da umarnin ƙirƙira kafin a gina ainihin asusun a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma abin da manhaja ke riƙewa shi ne adireshin inda aka ajiye shi.

Idan aka ambaci sunan asusun amma ba a ƙirƙire shi ba, gurbin adireshin yakan zauna fanko. Da zarar manhaja ta nemi ragowar kuɗin da ke ciki, sai ta zama kamar yaron da aka aika karɓo kaya da takardar da ba lambar shago a kanta. Java kan sanar da NullPointerException, C# kuma NullReferenceException, kuma idan ba a yi tanadi ba aikin ya tsaya ke nan. Haka ma yakan faru idan aka nemi bayani a rumbun ajiya ba a samu ba.

Masanin kwamfuta ɗan Birtaniya, Tony Hoare, shi ya shigar da wannan dabara cikin harshen ALGOL W a 1965. A 2009, a wani taro a Landan, ya bayyana ta da kuskuren da ya jawo asarar dala biliyan ɗaya. Har yanzu tana ɓarna: ranar 12 ga Yuni, 2025, ayyukan Google Cloud sun katse a sassan duniya na sa'o'i, kuma kamfanin ya danganta lamarin da guraben bayanai da aka bari fanko.

Maganin a bayyane yake: a ƙirƙiri abu tun lokacin ambatonsa, a kuma duba ko yana nan kafin a taɓa shi. Sababbin harsuna kamar Swift da Kotlin suna ƙin amincewa da rubutun da bai yi wannan binciken ba, C# ma ya samu irin wannan gargaɗi a 2019.

Ga mai amfani da waya, sake kunna ta ba ya kawar da tushen matsalar, domin aibin yana cikin rubutun manhajar. Abin da ya fi dacewa shi ne a lura da maɓallin da aka danna kafin ta rufe, a sanar da masu ita, sannan a tabbatar ko kuɗin sun fita kafin a sake turawa.