Sauya Gilashin Gefen Mota a Ƙasar Zafi: Yadda Ake Daidaita Duhunsa da Sauran

A ƙasar Sakkwato, daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma motar da aka ajiye a fili da gilasai a rufe tana iya tara zafin da ya wuce digiri 60 a cikinta, domin hasken rana yana ratsa gilashi ya gasa kujeru da dashbod, su kuma su saki zafin da ba shi da mafita. Wannan ne ya sa masu motoci a Horo Birni da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Shagari, da maƙwabtansu na Bodinga, waɗanda ke bin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, suka ɗauki duhun gilashi a matsayin kariya tun kafin a zo maganar ado. Rikicin yakan taso ne ranar da gilashin ƙofa guda ya fashe, ko tsakuwa ce tayar tirela ta harbo, ko ɓarawo ne ya kai hannu, ko hatsari ne ya afku, saboda sabon gilashin da aka saka ba kasafai yake sajewa da 'yan'uwansa ba, sai a ga taga ɗaya ta fi haske, ko tana ɗaukar kore alhali sauran sun karkata zuwa toka.

Gilashin gefe ba irin na gaba ba ne. Na gaba falle biyu ne da aka manne da siririyar roba a tsakaninsu, shi ya sa idan dutse ya same shi yake tsagewa amma ya tsaya a wurinsa. Na gefe kuwa, a mafi yawan motoci, falle ɗaya ne da aka gasa a masana'anta har zafinsa ya wuce digiri 600, sannan aka huce shi cikin gaggawa da iska mai ƙarfi, abin da ke sa bayansa ya matse cikinsa ya ƙara masa ƙarfi ninki huɗu ko biyar a kan gilashin taga na gida. Idan irin wannan gilashi ya fashe, gaba ɗayansa yake wargajewa ya zama ƙananan gutsattsari marasa kaifi sosai, don haka ba a yi masa faci, ba a kuma yanka shi bayan an gasa. Duk wanda ya yanko gilashin gida ya cusa a ƙofar mota don neman sauƙi ya ajiye wa fasinja wuƙaƙe a gefen wuyansa ne, domin shi wannan dogaye-dogaye masu tsini yake karyewa. Zafin rana kaɗai ba kasafai yake fasa gasasshen gilashi ba. Galibi akan tarar akwai tsohon rauni a bakinsa, ko ƙarfen da ke ɗaga shi ya karkace yana danne shi.

Tambayar farko da ya kamata mai mota ya amsa kafin ya sayi komai ita ce: duhun da ke gilasansa, a cikin gilashin yake ko a kansa? Akwai duhun da ake yi tun a masana'anta, inda ake zuba sinadaran launi a cikin narkakken gilashi, don haka launin ya ratsa jikinsa, ba ya ɓarewa, rana kuma ba ta koɗar da shi. Irinsa ne ake gani a ƙofofin baya na motoci kamar Toyota Sienna da Highlander da suka fito daga Amurka, domin ƙa'idar can ta wajabta wa ƙananan motocin fasinja gilashin da ke barin aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske ya wuce, amma ta ƙyale manyan motocin iyali da jif-jif su yi duhu daga bayan direba. Akwai kuma duhun leda, wato siririn fallen roba mai launi da ake mannawa ta ciki bayan mota ta bar masana'anta. Gane bambancin ba ya buƙatar na'ura: idan aka sauke gilashi kaɗan aka shafa bakinsa na sama da farce, za a ji gefen leda idan akwai ta, gilashin masana'anta kuwa sumul yake, kuma kaurinsa ma da duhu idan an dube shi ta baki.

Abu na biyu shi ne ƙaramin tambarin da ke kusurwar kowane gilashi, wanda yawancin masu motoci ba su taɓa tsayawa sun karanta ba, alhali shi ne takardar shaidar gilashin. A ciki ake samun sunan kamfanin da ya ƙera shi, kamar AGC na Japan, ko Pilkington, ko Saint-Gobain Sekurit na Faransa, ko Fuyao da Xinyi na ƙasar Sin. A tsarin Amurka, AS1 alama ce ta gilashin da ya cancanci zama na gaba, AS2 na nufin gilashin gefe ko na baya mai barin kashi 70 ko fiye na haske ya wuce, AS3 kuwa shi ne mai duhun da ya gaza wannan adadi. A tsarin Turai akwai harafin E cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta amince da gilashin, misali 1 ta Jamus, 2 ta Faransa, 6 ta Beljiyam, sai kuma harafin V a kusa da da'irar idan gilashin mai duhu ne. Gilasan Toyota da yawa suna ɗauke da kalmar Temperlite a kan gasasshen gilashi da Lamisafe a kan mai falle biyu, kuma wannan yana da amfani yanzu da wasu sababbin motoci ke zuwa da gilashi mai falle biyu har a ƙofofin gaba. Tunda wanda ya fashe ya riga ya zama gutsattsari, tambarin takwaransa na ɗaya ɓarin motar ake ɗauka a waya a tafi da shi kasuwa.

Masu sana'ar suna auna duhu da adadin hasken da ke iya wucewa, ta yadda leda mai lamba 35 tana barin kashi 35 cikin 100 ne ya shiga, mai lamba 5 kuwa kusan ba a ganin komai ta cikinta daga waje. A nan ne ake yawan yin kuskuren lissafi, domin gilashin da ake kira fari shi ma ba fari ba ne tas: yana da ɗan kore-kore saboda sinadarin ƙarfe da ke cikinsa, kuma abin da yake bari ya wuce bai cika haura kashi 70 zuwa 80 ba. Saboda haka lambobin biyu ninka su ake yi da juna. Idan aka manna leda mai lamba 35 a kan gilashi mai barin kashi 75, abin da zai wuce kusan kashi 26 ne, ba 35 ba. Wanda kuma yake son farin gilashi ya saje da na masana'anta mai kashi 20, leda mai lamba tsakanin 25 da 30 yake nema, domin idan ya sayi mai lamba 20 tagar za ta sauka zuwa kashi 15 ta fi sauran duhu. Inda ake da ƙaramar na'urar da ake matse gilashi da ita ta nuna adadin, ita ce alƙali. Inda babu, sai a fito da motar fili da rana, a riƙa farar takarda a bayan tsohon gilashi da sabon, a duba daga gaba da kuma ta gefe, saboda abin da ya yi daidai a inuwar gareji yakan sha bamban a tsakar rana.

Ko an dace da lamba, akwai sauran magana, kuma nan ne ƙasar zafi ta bambanta da ƙasashen da ake buga waɗannan lambobi. Ledar da ta shekara uku tana shan ranar Sakkwato ba ita ce ledar da aka yanko daga kwali ba, ko da kamfaninsu ɗaya kuma lambarsu ɗaya. Mafi arha a kasuwa ita ce ledar rini, wadda baƙinta haɗin launuka ne. Rana takan fara cinye rawaya a cikinsu, ja da shuɗi su rage, shi ya sa tsofaffin motocin haya irin su Golf da Sharon suke yawo da gilasai masu launin shunayya, sau da yawa har da ƙuraje inda gam ya saki. Manna sabuwar leda kusa da irin wannan tamkar ɗinka sabon ƙyalle ne a koɗaɗɗiyar riga, domin ko yadi ɗaya ne, ido zai gano shi daga nesa. Akwai leda mai ƙarfe, wadda ke mayar da zafi kuma ba ta saurin koɗewa, sai dai tana da ƙyalli irin na madubi kuma tana iya raunana sabis na waya a cikin mota, lahanin da ba ƙarami ba ne a ƙauyen da sabis ɗin dama da ƙyar yake kamawa. Sai leda mai kabon, mai baƙi marar ƙyalli da ba ya juyewa shunayya, da kuma ledar siramik, wadda ta fi kowacce tsada. Hukuncin da ya fi ma'ana shi ne, idan tsohuwar leda ta fara sauya launi, a ɓare ta daga takwaran gilashin na ɗaya ɓarin, ko ma daga duk gilasan gefe, a manna sabuwa daga nadi ɗaya a rana ɗaya, domin su tsufa tare.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa tsakanin direbobi shi ne zaton cewa gwargwadon duhu gwargwadon sanyi. Kusan rabin ƙarfin hasken rana yana zuwa ne ta wani nau'i da ido ba ya gani, wanda masana ke kira infared, kuma shi ne fata ke ji a matsayin zafi. Ledar rini tana tare hasken da ake gani, amma infared yana ratsa ta, abin da ta tsotsa kuma tana dumama gilashin da shi. Ledar siramik kuwa, ko da mai haske ce da ake ganin mutum sarai ta cikinta, tana iya tare kaso mai yawa na wannan zafi. Haka nan duhun masana'anta an fi yin sa don sirri, ba lallai ne ya kai leda mai kyau tare zafi ba. Ke nan gilasai biyu suna iya sajewa a ido, amma fasinjan da ke gefen ɗaya yana gumi, na ɗaya gefen yana cikin sauƙi. Akwai kuma hasken ultrabayolet, mai lalata fata da ido da kujeru. Wani bincike da likitan ido Brian Boxer Wachler ya wallafa a Amurka a shekarar 2016 ya nuna cewa gilasan gaba suna tare kimanin kashi 96 na nau'insa da ake kira UVA, na gefe kuwa kimanin kashi 71 kacal, bambancin da ya kamata ya dami direban haya da ke wuni da rana a gefen fuskarsa.

Mai mota a Horo Birni ko Bodinga galibi birnin Sakkwato yake nufa da irin wannan gyara, idan kuma ba a samu gilashin ba sai a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Gilashin gwanjo da aka ciro daga mota irin tasa, wanda ake kira na Beljiyam, shi ya fi yiwuwa ya dace da launin asali, muddin an tabbatar shekara da samfuri sun yi daidai, domin Corolla ta Amurka da ta Turai sunansu ɗaya amma ba lallai ne gilashin ɗaya ya shiga ƙofar ɗaya ba. Ana duba bakinsa ko akwai ɓantare, a duba jikinsa ko ya karce. Sabon gilashi daga kamfani sananne shi ma ba laifi, sai dai launinsa yana iya ɗan saɓawa. Wanda ba shi da tambari ko kaɗan kuwa, araha ba ta ado.

Wurin mannawa ma yana da hukunci. Da ruwan sabulu ake shimfiɗa leda a kan gilashi sannan a matse ruwan, kuma duk ƙurar da ta shiga tsakani ta zauna ke nan har abada, don haka aikin da aka yi a bakin titi lokacin hunturu, sa'ad da iska ke ɗauke da ƙura, ba ya yin kyau kome gwanintar mai yinsa. Kafin a saka sabon gilashi wajibi ne a buɗe ƙofar a kwashe gutsattsarin da suka zube cikinta, a kuma wanke robar da gilashin ke bi, saboda yashin da ke maƙale a nan shi ke zana layuka a leda duk lokacin da aka ɗaga ko aka sauke. Bayan an manna, ana barin gilashin a rufe kwana biyu zuwa huɗu, kuma ɗan hazon da ake gani a farko ruwa ne da zai bushe.

Dokar ƙasa ba ta bar wannan batu ga son ran mai mota ba. Dokar soja mai lamba 6 ta shekarar 1991, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta hana duhunta gilashi yadda ba za a ga mutane ko kayan da ke cikin mota ba, sai da izinin Sufeto Janar na 'Yan Sanda bisa dalilin lafiya ko tsaro, ta kuma tanadi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da ba da izinin a 2021, magajinsa Kayode Egbetokun ya dawo da shi ta intanet a 2025 tare da tsayar da 2 ga Oktoba don fara kame, sai Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta garzaya kotu, Babbar Kotun Tarayya da ke Warri kuma, a wata ƙara daban, ta ba da umarnin kowa ya tsaya inda yake, rundunar 'yan sanda ta dakatar da kamen a lokacin. Ita dokar ta 1991 kuwa ba wannan taƙaddama ce ta shafe ta ba, kuma a yankin da matsalar tsaro ta yawaita shingayen bincike, mota mai baƙin gilashi ƙirin ita ce jami'i ya fi tsayarwa. Ga kuma tuƙin dare a hanyar da shanu da babura marasa fitila ke tsallakawa, inda direban da ya duhunta ƙofofin gaba ba ya ganin madubinsa na gefe da kyau.

Saboda haka duk wanda gilashin ƙofar gabansa ya fashe, kada ya nemi ya daidaita shi da duhun na baya. Ya saka gasasshen gilashi mai tambari, idan yana da hali ya manna leda mai haske mai tare zafi a ƙofofin gaba biyu lokaci ɗaya, sannan ya tambayi ofishin 'yan sanda mafi kusa halin da batun izini yake ciki kafin ya ƙara wa kowace taga duhu.