Mafarautan Pangti Sun Koma Masu Gadin Shaho

Shahon Amur bai fi tattabara girma ba, amma tafiyarsa abin mamaki ce. Kowace shekara yakan taso daga gabashin Siberiya da arewacin Sin ya nufi kudancin Afirka, ya tsallake Tekun Larabawa, kusan kilomita 3,000, ba tare da ya sauka ba. Kafin wannan tsallakawa sai ya yada zango a madatsar ruwan Doyang da ke jihar Nagaland ta Indiya, a watan Oktoba, ya ƙoshi da shinge.

A da, a nan ne ajalinsa yake jiransa. Mutanen ƙauyen Pangti sukan ɗaura ragar kamun kifi a kan bishiyoyi, su kwashe tsuntsayen da safe, su ƙyafe su, su kai kasuwa. A 2012, 'yar jarida Bano Haralu da abokan aikinta suka fallasa lamarin. An ƙiyasta ana hallaka fiye da 120,000 a kaka guda.

Abin yabawa shi ne yadda aka shawo kan al'amarin: dattawan ƙauye suka haramta farautar, coci-coci suka yi wa'azi, aka koya wa yara darajar tsuntsun. Waɗanda suka fi kowa sanin makwancinsa, wato mafarautan, su suka zama masu sintiri.

A Nuwamba 2013 masana suka ɗaura wa shahuna uku na'urar tauraron ɗan Adam, aka raɗa musu suna Naga, Wokha da Pangti. A wannan kakar ba a samu rahoton kashe ko ɗaya ba a Doyang.