Sojojin roba: Me ya sa babu 'yan mazan jiyanmu a cikin kayan wasan yara?

Idan Sallah ta gabato, teburan masu sayar da kayan wasan yara a kasuwannin Funtua da Malumfashi sukan cika da bindigogin ruwa, da motoci, da ledojin ƙananan sojojin roba. Sojojin koraye ne tun daga kai har ƙafa. Wani ya durƙusa ya saita bindiga, wani na rarrafe, wani ya ɗaga hannu zai jefa gurneti. Akasarinsu daga China ake shigo da su, amma hular kwanonsu da kakinsu na sojan Amurka ne na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

A wannan yaƙin kuwa, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, dubban samari daga ƙasar Hausa sun yi faɗa a Habasha da Bama. Sai dai yaron da ke jera sojojinsa a tsakar gida ba zai taɓa cin karo da mai kama da kakan babansa a cikin ledar ba.

Wani zai ce ai abin wasa ne, bai kai a tsaya magana a kansa ba. To amma a Turai da Amurka wannan sana'a ce babba, kuma manya ne suka fi kashe kuɗi a cikinta. Abin da aka zuba a cikin kwalin sojojin nan shi ne tarihin farko da yara da dama suke fara riƙewa da hannunsu, tun kafin su iya karatu.

Daga dalma zuwa roba

A shekarar 1893 ne kamfanin W. Britain na birnin Landan ya fito da dabarar zuba sojojin dalma masu rami a ciki. Hakan ya rage yawan dalmar da ake narkawa, farashi ya sauko, har ya karya kasuwar Jamusawa da suka daɗe suna riƙe da sana'ar. Tsayin kowane soja milimita 54 ne, kuma har yau masu tara irin waɗannan kaya da wannan ma'aunin suka fi aiki.

An daina yi wa yara sojojin dalma a Ingila a 1966 saboda gubar da ke cikinta. Roba ta maye gurbi, tsofaffin na dalma kuma suka koma kayan tarihi da ake sayarwa a gwanjo. Attajirin nan na Amurka, Malcolm Forbes, har gidan tarihi ya buɗe wa nasa a birnin Tanja na ƙasar Maroko.

Ba za a ce babu baƙar fata ko Musulmi a cikin kayan Britains ba. Kamfanin ya yi mahayan dawakin rundunar Indiya da rawunansu, ya yi Larabawa a kan dawaki da raƙuma, ya yi mayaƙan Zulu da masu, ya kuma yi sojojin King's African Rifles na Gabashin Afirka. Matsalar ita ce matsayin da aka ba su. Baƙar fata a cikin kwali ɗayan biyu ne: ko abokin gaba da za a harbe a wasa, ko yaron Bature da ke tsaye a sahu. Mai ba da umarni galibi fari ne.

A Amurka ma sai da aka kai ruwa rana. Kamfanin Hasbro ya fito da sojansa G.I. Joe a 1964, sannan ya yi baƙar fata a 1965, lokacin da gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙe ta yi zafi. Mata kuwa ba su shiga sahun koren sojojin roba ba sai bayan da wata yarinya 'yar shekara 6 daga jihar Arkansas ta rubuta wa kamfanoni wasiƙa a 2019, kamfanin BMC Toys ya amsa kiranta.

Rundunar da aka raɗa wa sunan Hausawa

Abin mamaki shi ne, da sunan Hausawa aka aza harsashin sojan Najeriya. A 1863 wani jami'in sojan ruwan Birtaniya, John Glover, ya tara wasu 'yan Arewa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover. Daga nan rundunar sojan ƙasa ta Najeriya take ƙirga shekarunta.

A 1897 aka ɗora wa Lugga alhakin haɗa rundunar Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFF. Kayan faretinta abin kallo ne: jar dara, da 'yar shara ja, da ɗamara, da gajeren wando na kaki. Shekaru da dama sojojin ba su da takalmi. Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta.

Sai dai kalmar "sojan Hausa" babbar riga ce da ta rufe mutane iri-iri. Akwai Barebari, da Zabarmawa, da Dakarkarin Zuru, da Tibi, da mutanen tsaunukan Filato. Akwai Musulmi, da Kirista, da masu addinin gargajiya. Cakuɗuwarsu ce ta haifar da Hausar da ake kira Barikanci. Wanda ya san yankin Malumfashi da Ƙafur ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin a can Bahaushe Musulmi da Bahaushe Kirista da Bamaguje suna noma gona kusa da gona, suna cin kasuwa ɗaya.

Ke nan duk wanda zai sassaƙa wannan runduna da gaskiya ba zai yi mata fuska ɗaya ba. Zai yi mai tsagar Gobirawa, da mai zanen Barebari, da mai laya a damtse, da mai carbi a aljihu, da mai gicciye a wuya.

Habasha da Bama

A farkon 1941 birged ɗin Najeriya ta shiga Mogadishu, sannan ta fafari sojojin Italiya har cikin Habasha. Daga 1943 kuma aka fara kwasar runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa dazukan Bama domin karawa da Japanawa. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka je wannan fagen, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebi da yawa daga cikinsu.

Sunayen wuraren da suka zubar da jini suna nan a ƙofofin barikokinmu, muna wucewa ba mu tambaya. Barikin Chindit na Zariya, inda ake horar da kurata, ya samo sunansa ne daga dakarun da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944, waɗanda bataliya uku na Najeriya ke cikinsu. Haka Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Myohaung da Arakan a Legas, da Letmauk a Ibadan, duk sunayen wurare ne a Bama.

Akwai kuma mutanen da labarinsu ya isa a yi musu siffa da suna. Chari Maigumeri, mutumin Borno, ya fara aikin soja ne a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, daga baya ya shiga rundunar Najeriya a 1917, ya yi yaƙin duniya biyu, bai ajiye kaki ba sai a 1953. Barikin Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, shi ake ɗauka a matsayin sojan Birtaniya na farko da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo, cikin watan Agustan 1914.

Sai Isaac Fadoyebo, Bayarabe Kirista, wanda Japanawa suka harbe a bakin kogin Kaladan a 1944. Wani manomi Musulmi ne na yankin Arakan ya ɓoye shi tare da wani abokinsa ɗan Saliyo, yana ciyar da su tsawon watanni, alhali ya san idan asiri ya tonu ransa ne. Tashar Al Jazeera ta yi shiri na musamman a kan labarin a 2011.

Mantuwar ba a kayan wasa kaɗai ta tsaya ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har ministan tsaron Birtaniya ya nemi gafara a majalisa. Wanda bai samu suna a kan kabari ba, ina zai samu gurbi a kwalin kayan wasa?

Ɓangaren da ba ya da daɗin ji

Sai dai a nan akwai ƙashi a cikin tuwon. Rundunar nan mai jar dara ita ce Turawa suka yi amfani da ita wajen cin Kano a watan Fabrairun 1903, da Sakkwato a watan Maris. Ita ce ta yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a watan Yulin shekarar, ita ce kuma ta ragargaza Satiru a 1906. Hafsoshin Turawa ƙalilan ne. Masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne.

Saboda haka neman a saka "sojanmu" a cikin kwali bai wadatar ba. Wane ne namu? Mai jar dara, ko mahayin da ya fito da lifidi da sulke da kwalkwali ya tare shi? Amsar gaskiya ita ce dukansu. Kwalin da ya nuna ɗaya ya ɓoye ɗaya rabin labari ya bayar.

Batun mutum-mutumi

Wani dalilin da ya sa tara irin waɗannan siffofi bai yi kasuwa a Arewa ba shi ne addini. Malamai da yawa suna ganin haramcin ajiye mutum-mutumin abu mai rai domin ado. Amma mafi yawansu sun sassauta a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da hadisan da suka nuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), har da doki mai fukafukai. Ke nan dattijon da zai cika kabad ɗin gilashi da sojoji kamar yadda Bature ke yi zai sha tambaya, amma yaro da malamin makaranta suna da fili.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaran karkara sun daɗe suna gina dawaki da shanu da laka, suna hawan dokin kara, suna kwaikwayon hawan Sallah. Robar China ce ta zo ta ture su.

Wasu iyayen kuma damuwarsu daban ce. A yankin da Faskari da Sabuwa da Ɗandume suka sha fama da 'yan bindiga, inda aka kwashi ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamban 2020, ba kowa ke son ganin bindiga a hannun ɗansa ba, ko da ta roba ce. Wannan damuwa tana kan hanya. Amma akwai bambanci tsakanin koren soja marar suna, wanda ba ya da wani aiki sai harbi, da siffar Chari Maigumeri da aka haɗa da 'yar takarda mai bayanin inda ya fito da abin da ya gani. A rundunar Bama ma ba kowa ne mai harbi ba: akwai masu jinya, da direbobi, da 'yan dako da suka ɗauki kaya a ka inda mota da alfadari suka kasa, da limamai da fastoci.

Wa zai yi?

An riga an gwada a ɓangaren 'yan tsana. Taofick Okoya ya kafa Queens of Africa a Legas a 2007, kuma cikin 'yan tsanarsa akwai Azeezah, wadda ke wakiltar Hausawa. Haneefah Adam daga Ilori ta ja hankalin duniya a 2016 da ta riƙa ɗinka wa 'yar tsana hijabi tana sakawa a Instagram. A 2017 kamfanin Mattel ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi.

Kano cike take da masana'antun roba da ke zuba bokitai da butoci da kujeru, ga kuma injinan 3D da suka fara shigowa jami'o'i. Abin da ya rage shi ne masana tarihi a Zariya da Katsina su ba da hoton kaki da sunaye daidai, mai zane ya zana, mai jari ya zuba kuɗi.

Lokaci kuma ba ya jira. Duk wanda ya je Bama yana ɗan shekara 18 a 1944, yau yana bakin shekara 100, kuma 'yan kaɗan ne suka rage. Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni domin tunawa da 'yan mazan jiya. Amma a gidaje da yawa na ƙasar Maska, abin da ya saura lambar girma ce a ƙasan adaka da tsohon hoto da ya dusashe. Kafin kamfani ya motsa, mai irin wannan kaya a gida zai iya fito da su ya nuna wa jikoki, ya faɗa musu sunan mai su.