An rufe boda, amma kwanakin biza ba su tsaya ba

Dala 15 a kowace rana. Tarar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta yanka ke nan a 2025 ga duk baƙon da wa'adin bizarsa ya cika bai bar Najeriya ba, bayan afuwar da aka bayar wadda ta ƙare ranar 30 ga Satumba na shekarar. Wani zai ce ina ruwan mutumin Tudun Kaya da dokar baƙi? Da ruwansa kuwa. A ƙasar Ƙaraye da Rogo ba a rasa 'yan Nijar masu ci-rani, sannan gidaje da dama suna da ɗa ko 'ya a Makka ko Jidda, wasu da igama, wasu kuwa takari ne. Duk sanda maganar ta taso a majalisa, sai wani ya kashe ta da cewa, "Alhaji, ai idan hukuma ce ta rufe hanya, biza ma ta tsaya. Laifin wa?"

Wannan maganar tana da daɗin ji, kuma ta jefa bayin Allah da yawa cikin wahala. Hannun da ke rufe filin jirgi daban, hannun da ke ƙirga kwanakin baƙo daban. Ranar da ka shiga ƙasar mutane, jami'in shige da fice ya buga maka hatimi ya ɗauki hoton yatsunka, daga ranar kwamfuta ta fara lissafi, kuma ba ta sauraron labaran rediyo. Kamar manomin rani ne a bakin dam ɗin Challawa da ya karɓi hayar injin ban-ruwa na kwana goma, sai gada ta karye ya rasa hanyar mayarwa. Kowa ya san ba shi ya karya gadar ba, amma kuɗin haya na hawa har sai mai injin ya buɗe baki ya ce ya yafe. Idan ma ya yafe, shi zai faɗi daga yaushe zuwa yaushe. Wanda kuwa tun kafin gadar ta karye ya riƙe injin mutane, ba shi da bakin kawo uzurin gada.

Abin da ya faru a shekarar korona ke nan. Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara ranar 27 ga Fabrairun 2020, ranar 15 ga Maris kuma ta tsayar da jiragen ƙasashen waje. A lokacin bizar Umara ta kwana 30 ce, saboda haka ba a jima ba wa'adin waɗanda ke can ya cika. Hukumar Jawazat, wato shige da ficen Saudiyya, ba ta ce kowa ya kwanta ya yi barci ba. Cewa ta yi duk mai Umarar da ya wuce wa'adi ya shiga shafin Ma'aikatar Hajji da Umara ya nemi a yafe masa tara, kuma ya yi hakan kafin ƙarshen ranar 28 ga Maris. Wanda ya yi rajista an shirya masa fita. Wanda ya zauna a masauki yana jiran ejan ɗin da ya kashe waya, sunansa ya koma cikin masu karya doka. Masu igama kuwa nasu tsarin daban ne: an ƙara musu wata uku kyauta ba tare da sun je ofis ba. Ƙasa ɗaya, annoba ɗaya, amma sassaucin da aka yi wa mai igama bai shafi mai bizar Umara ba. A nan ne jita-jita ke yin ɓarna, domin ɗan'uwa mai igama zai bugo waya gida ya ce "an ƙara wa kowa", alhali shi da ire-irensa kaɗai aka ƙara wa.

Mu ma nan haka muka yi wa namu baƙin. An rufe filayen jiragen Legas da Abuja ga jiragen waje ranar 23 ga Maris 2020, aka buɗe su ranar 5 ga Satumba. Hukumar shige da fice ta yafe wa waɗanda takardunsu suka ƙare tsakanin ranakun nan biyu, ta kuma ba masu ziyara da ke riƙe da tikiti zuwa 15 ga Satumba su fita. Wanda tasa bizar ta mutu tun kafin 23 ga Maris, an ce ya biya tarar kwanakin da ya ci kafin kulle. A lura da wani abu da ba a cika faɗa ba. Filin jirgin Malam Aminu Kano bai koma karɓar jiragen waje ba sai Afrilun 2021. Iyakokin Maigatari da Illela sai 16 ga Disamban 2020 aka buɗe su, ta Jibiya ma sai Afrilun 2022. Amma afuwa ta ƙare tun a Satumban 2020. Hukuma ba ta jiran hanyar da ka saba bi ta buɗe. Muddin akwai ƙofa ɗaya da za a iya fita ta cikinta, ko da ta fi nisa ta fi tsada, uzurinka ya faɗi.

To me mutum zai yi idan rufewa ta rutsa da shi? Ya fara da duba takardar kansa da idonsa. A jikin biza akwai lissafi biyu da ake yawan cakuɗawa: ranar da bizar kanta za ta daina aiki, da adadin kwanakin da aka yarda ka zauna bayan ka shiga. Biza na iya zama ta shekara guda amma zaman da aka ba ka kwana 90 ne. A Saudiyya kuma wasu ranakun da kalandar Hijira ake rubuta su, mai lissafi da watan Bature zai iya makara bai sani ba. Neman ƙarin wa'adi tun takarda na da rai ake yinsa. Da kwana ɗaya ya gota, ka tashi daga mai roƙon ƙari ka koma mai laifin da ke neman afuwa. A adana tikitin da aka soke, da saƙon kamfanin jirgi, da rasitin duk abin da aka biya, a ɗauki hotonsu a waya a tura wa na gida. A kai suna ofishin jakadancin Najeriya da ke Riyad ko ƙaramin ofishin Jidda. Fasfo kuma a duba ranar mutuwarsa, don ba a ɗora sabuwar biza a kan mataccen fasfo. Shi ya sa barin fasfo a jakar ejan ko a hannun kafili ganganci ne, ko da ana ganin sa a matsayin yarda da juna.

Hukuncin ba na wasa ba ne. A 2025 Saudiyya ta sa 29 ga Afrilu a matsayin ranar ƙarshe ta fitar masu Umara, ta ce wanda ya wuce wa'adin bizarsa zai iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, da ɗaurin da ya kai wata shida, sannan a tasa ƙeyarsa. A ƙarshen Janairun 2021 'yan Najeriya 802 aka kwaso daga can aka sauke a Abuja, da yawansu daga wuraren tsare marasa takardu. Wanda aka koro, yatsunsa na nan a kwamfuta, sauya fasfo ko suna ba ya goge su. Mutum na iya toshe wa kansa hanyar komawa Ƙasa Mai Tsarki na shekaru saboda makonnin da ya ɗauka ba komai ba ne.

Saura maƙwabtanmu. Ana cewa Nijar da Najeriya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma gaskiya ne a aure da kasuwa, amma a takarda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba ɗan ƙasar ƙungiyar ya zauna ba biza. Wanda zai wuce haka katin zama ake so ya nema. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris 2024, fiye da wata bakwai, ga shi ba a bi mutane gida-gida ana ƙirga musu kwanaki ba. Wannan kawar da kai ne ya sa ake ganin babu doka. Sai dai tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, kuma abin da ke riƙe da 'yancin zaman ɗan Maraɗi ko Damagaram a Rogo yanzu sanarwa ce da ƙungiyar ta fitar cewa a ci gaba da yadda ake har sai an sake shawara. Sanarwa ce ta wucin gadi, ana iya janye ta.

Irin waɗannan sanarwoyi galibi da Turanci ake sakin su a intanet, sai ka ce mai ga-ruwa ko mai gadin shago yana bibiyar shafin hukuma. Hukumar shige da fice tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi, ga dagatai da masu unguwanni, ga gidajen rediyon Kano da ake ji har cikin gona. Idan za a ci mutum tarar dala 15 a rana, ya kamata a ce an fara gaya masa da Hausa ranar da lissafin zai soma da kuma ofishin da zai je kafin ranar.