Gana: Gyaran Rufin Gidan Gado Na Gwada Amana a Unguwannin Zango

A duk shekara, da zarar hunturu ya janye a ƙasar Gana, aka fara ganin hadari yana haɗowa daga gabas cikin watan Maris, sai hankalin masu gidaje a unguwannin zango ya koma sama. Ruwan farko a wannan yanki yakan zo ne da iska mai ƙarfi, wadda cikin 'yan mintoci takan yaye kwanon da aka shekara talatin ana kwana a ƙarƙashinsa. Washegari a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango na birnin Accra, ko kuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, akan tarar da katifu da littattafan 'yan makaranta shanye a tsakar gida, matasa kuma a saman ɗaki suna danne abin da ya rage da duwatsu da tsofaffin tayoyi. Daga nan sai a shiga neman kafinta, a daidai lokacin da kowa ke nemansa.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To amma a zango, tambayar da ake fara cin karo da ita ita ce, wane ne mai ɗakin? Da yawa daga cikin waɗannan unguwanni sun daɗe. Fatake da malamai sun bazu zuwa kudancin ƙasar bayan yaƙin basasar da ya wargaza kasuwar goro ta Salaga a shekarar 1892. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta taso ne a shekarun 1930 a ƙarƙashin Malam Amadu Futa. Gidajen da iyaye da kakanni suka gina, wato jerin ɗakuna kewaye da tsakar gida, a yau sun zama gidajen gado. Ba a sayar da su, kuma sau da yawa ba a raba su a rubuce ba. Wannan ɗaki na 'ya'yan uwargida ne, wancan na jikokin amarya, wasu kuma 'yan haya ne ke ciki. Ɗakuna sun rabu, amma rufi guda ne, kuma ruwan da ya shiga ta kan ɗakin wani yakan bi katako ya zubo a kan gadon wani.

Saboda haka kafin a sayi ƙusa ko da guda ɗaya, sai an zauna an yi karo-karo. Kaso mai tsoka yakan fito ne daga 'yan gidan da ke ci-rani a birnin New York ko Hamburg ko London ko ƙasar Saudiyya. Wanda ya aiko da kuɗin ba ya ganin aikin sai ta hoton waya. Wanda aka damƙa wa kuɗin, galibi wa ko kawu da ke zaune a gidan, mai yiwuwa bai taɓa hawa saman ɗaki ba. Shi kuwa kafintan da zai hau, yawanci ɗan unguwa ne da ake sallah tare da shi, ko kuma wani aboki ne ya kawo shi. A irin wannan hali neman a rubuta yarjejeniya yakan zama tamkar zargi, don haka sai a yi jinga da baki, a ba da kafin alƙalami, a ce Allah ya taimaka.

A nan ne ake shuka rigimar da za a girba da damina. Cinikin baki ba ya faɗin kaurin kwano, alhali nan ne kuɗin yake. Kwanon rufi a kasuwannin Gana kauri-kauri ne, daga wanda bai kai milimita 0.3 ba zuwa mai 0.4 ko 0.5, kuma wanda ke tsaye a ƙasa ba zai iya bambance su ba idan an riga an kafa. Ana iya biyan kuɗin mai kauri a kafa marar kauri, ba za a gane ba sai ranar da iska ta naɗe shi kamar tabarma. Akwai ƙaramin ma'auni da ake gwada kauri da shi a shagunan masu sayarwa, kuma ba aibi ba ne mai saye ya nemi a gwada a gabansa, a kuma rubuta adadin a rasit.

Haka nan irin kwanon ma abin dubawa ne, musamman a Accra, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Kwanon ƙarfe mai rufin tutiya yana saurin tsatsa a bakin teku. Na alminiyam ba ya tsatsa, amma ba shi da nauyi kuma yana saurin yagewa a bakin ƙusa. Wanda ya fi yaɗuwa a 'yan shekarun nan shi ne wanda ake kira aluzinc, ƙarfe ne da aka lulluɓe da haɗin da kashi 55 cikin 100 nasa alminiyam ne, mafi yawan sauran kuma tutiya. Kowanne da irin ƙusar da ta dace da shi. Idan aka kafa alminiyam da ƙusar baƙin ƙarfe, danshi yakan sa ƙarafan biyu su ci juna, ramin ƙusa ya buɗe, yoyo ya dawo a rufin da bai shekara biyar ba. A kwano mai tudu da kwari, a kan tudun ake buga ƙusa, don kwarin hanyar ruwa ce. Kuma dole ne kowane falle ya hau kan ɗan'uwansa sosai. Mai son ya rage falle biyu ko uku ya sa kuɗin a aljihu, a wurin haɗin nan yake ragewa.

Sai dai kuma abin da ya fi kwano muhimmanci shi ne katakon da ke ƙarƙashinsa, wanda da zarar an rufe babu mai sake ganinsa. A kasuwar katako ta Accra ko ta Sokoban a Kumasi, katakon wawa ya fi araha, amma yana da taushi, kuma gara da ƙwaro ba sa raga masa in ba a jiƙa shi da magani ba. Katako mai ƙarfi irin su odum ya yi tsada ƙwarai saboda dazuzzuka sun ragu. Bugu da ƙari, ɗanyen katako yakan lanƙwashe idan ya bushe a sama, ya saki ƙusa. Mafi yawan rufin da iska ke ɗaukewa gaba ɗaya, ba kwanon ne ya gaza ba, katakon ne ba a ɗaure shi da bango ba. Magina na kirki kan bar rodi a saman gini don a naɗe katakon da shi. Tsofaffin ɗakuna da dama ba su da wannan, kuma ɗora musu sabon kwano ba tare da gyara saman bangon ba, kamar ɗinka sabuwar riga ce da ruɓaɓɓen zare.

Akwai kuma wani haɗari da ba a cika maganarsa ba. Gidaje da yawa da aka gina shekaru aru-aru an rufe su ne da fallen siminti mai haɗe da asbestos, wanda a Gana aka fi sani da silet. Muddin yana zaune lafiya bai farfashe ba, illarsa kaɗan ce. Amma idan aka fasa shi da guduma ko aka yanka shi da zarto, ƙurarsa na shiga huhu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane nau'in asbestos na haddasa ciwon daji, wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru ashirin ko fiye. A gidan da mata ke girki a tsakar gida, yara na wasa a gefensu, wajibi ne a yi magana tun farko kan yadda za a jiƙa fallayen, a sauko da su ɗaiɗai ba tare da an fasa ba, da kuma inda za a kai su.

To amma ba kullum ne laifin ke wuyan mai aiki ba. Kafintoci su ma suna da nasu kukan. Akan kira su ne bayan ɓarna ta auku, a matsa musu su faɗi kuɗi kafin su ga abin da ke ɓoye. Idan suka yaye tsohon kwano suka tarar gara ta cinye katako, suka nemi ƙari, sai a ce sun sauya magana. Wani lokaci kuma karo-karon ne ba ya cika, ɗaya daga cikin magada ya janye, aiki ya tsaya rabi, kafinta ya bi bashin ladansa wata da watanni. Sannan ga tashin farashi. A watan Disamban 2022 hauhawar farashin kaya a Gana ta kai kashi 54 cikin 100, bayan da darajar kuɗin Sidi ta yi mummunar faɗuwa a wannan shekara. A irin wannan lokaci, ƙiyasin da aka yi yau ba ya kai wata guda, kuma wanda ya karɓi jinga a dunƙule, ko dai ya yi asara ko ya rage ingancin kaya.

Wannan ne ya sa iyalan da suka taɓa ƙonewa suka sauya salo. Sukan kira kafinta biyu ko uku su hau su duba, kowa ya kawo ƙiyasinsa a rubuce, da kuɗin kaya daban, ladan aiki daban. Sukan je su ga rufin da mutumin ya yi wanda ya ga damina biyu ko uku, su tambayi masu gidan. Kayan aiki kuwa tare ake zuwa saye, rasit ya zauna a hannun iyali. Ba a biyan lada a dunƙule: kaso ɗaya a farko, kaso ɗaya idan an gama katako kafin a rufe shi, a lokacin da za a ɗauki hotonsa a aika wa na nesa, saura kuma a riƙe har sai ruwa mai ƙarfi ya sauka an ga babu yoyo. Biya ta wayar salula, wadda ta zama ruwan dare a Gana, ta sauƙaƙa wannan, don kowane biya yana barin shaida. Idan aikin ya haɗa da ɗaga bango ko sauya fasalin gini, ana bukatar izinin hukumar gunduma.

Batun rubutu kuwa, malaman zango ba su rasa abin cewa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, tana umarni ne da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sharɗanta cewa a bayyana siffar abin da za a ƙera da farashinsa kafin a ƙulla ciniki. Takarda guda da liman ko mai unguwa ya sa wa hannu a matsayin shaida tana kare kafinta kamar yadda take kare magada, tana kuma wanke wan da aka damƙa wa kuɗi daga zargin ƙannensa.

'Yan haya ma abin ya shafe su. Ko da yake dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, an saba neman na shekara ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa da sunan gyaran rufi ake nema. Wani ɗan hayan kuma shi ke gyara ɗakin da kuɗinsa bisa alkawarin za a cire masa a haya. Idan wanda ya yi alkawarin ya rasu ko ya yi tafiya, sauran magada suka ce ba su san zancen ba, maganar takan ƙare ne a gaban sarkin zango ko ofishin kula da harkokin haya, kuma a can ma takarda za a fara tambaya.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne tsakanin Disamba da Fabrairu, sa'ad da sama ta bushe, kafintoci ba su da cunkoso, kuma ana iya barin ɗaki a buɗe kwana biyu ba tare da fargaba ba. Ruwan Accra yakan kai ƙololuwarsa ne a watan Yuni. Iyalin da suka bari sai hadari ya haɗo kafin su zauna, su ne masu fafe gora ranar tafiya, kuma abin da sukan yi asara ya wuce kwano da katako. A zanguna da dama akwai 'yan uwa ciki ɗaya da suka daina gaisawa, kuma idan aka bi diddigi, a kan kuɗin rufi maganar ta faro.