Hatimin Gindin Kofi Shi Ne Shaida: Labarin Masu Tara Tsohon Tangaran a Ingila

A Ingila akwai mutane masu yawa waɗanda sha'awarsu ita ce tara tsofaffin kofunan shayi da butoci da farantai na tangaran. Suna bin kasuwannin gwanjo suna saye, su jere su cikin kabad mai gilashi, kamar yadda matanmu ke jere a ɗaki. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda suke rarrabe mai daraja da na banza.

Irin tangaran ɗin da suka fi so shi ne wanda ake haɗawa da tokar ƙashin shanu. Wani mai suna Thomas Frye ya fara gwada sa tokar a ma'aikatar Bow ta Landan wajen 1749, amma gidan Josiah Spode na garin Stoke-on-Trent ne ya daidaita haɗin tsakanin 1790 da 1800. Kusan rabin haɗin tokar ƙashi ne, rubu'i farin yumɓu, rubu'i kuwa wani dutse daga lardin Kwanwal. Shi ya sa kofin yake fari fat, ga shi shafal, ga ƙwari. In an ɗaga shi ga haske, sai a ga inuwar yatsu ta bayansa.

To, amma kyau kaɗai ba ya nuna shekaru. Gwani yakan kife kofin ya karanta hatimin da ke gindinsa. Amurka ta yi doka a 1890 cewa duk kayan da za a shigo da su sai an rubuta ƙasar da aka yi su, saboda haka daga 1891 aka riƙa buga kalmar "England". In an ga "Made in England" kuwa, galibi aikin ƙarni na 20 ne. Ko mai sayarwa ya rantse kofin na zamanin kakan kakansa ne, hatimin zai tona shi.

Haka nan suna ba ya hana araha. Zanen furanni na Old Country Roses, wanda Royal Albert ya fitar a 1962, an yi shi da yawa ƙwarai, kuma daga 2002 aka mai da aikinsa Indonesiya. Na Ingila ne masu tarawa suka fi nema. Kayan Shelley kuwa suna da farin jini, domin an sayar da kamfanin a 1966, aka daina yin su.

Saura gwaji guda. A ƙwanƙwasa bakin kofin da farce a hankali: lafiyayye yakan yi ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. A kuma duba ko ruwan zinariyar bakinsa ya goge, ko farantinsa ba nasa ba ne, gama kowane ɗaya daga cikinsu yana karya kuɗinsa.

Shawararmu ga malamai da akawuna, duk wanda ya ci karo da irin wannan kofi a gwanjo, ya karanta gindinsa tukuna kafin ya taya.