Tsakanin "Lalle" Da "Wataƙila" A Harshen Ingilishi

Hausawa kan ce wataƙila ita ta hana Bature ƙarya. Maganar raha ce, amma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, domin Ingilishi yana da waɗansu 'yan ƙananan kalmomi da ake sakawa gaban aikatau, waɗanda ke nuna iyakar ƙarfin abin da mai magana ya sani. Manyansu tara ne: can, could, may, might, must, shall, should, will da would. Wanda bai san bambancinsu ba yana iya ɗaukar zato a matsayin alkawari.

A ɗauki misali. Mutum ya iso ƙofar gidan Audu da almuru, ya tarar da kekensa a zaure, fitila kuma tana ci a ɗakinsa. Sai ya ce, "Audu must be at home", wato lalle Audu yana gida. Bai gan shi da ido ba, amma alamu sun ishe shi hujja. In kuwa babu keke, babu fitila, sai dai ya san Audu yakan dawo a wannan lokaci, abin da zai ce shi ne "Audu may be at home", wato mai yiwuwa yana nan. Might da could ma wannan aikin suke yi, ko da yake sau da yawa might ta fi nuna shakka.

Wurin da ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne korewa. Kishiyar must ta tabbatarwa ita ce can't. Wanda ya ga Audu ya hau motar Legas da safe zai ce "He can't be at home", ba shi yiwuwa yana gida. Mustn't kuwa hani ce, ma'anarta kada. Haka nan "may not be" tana nufin wataƙila ba ya nan, alhali "cannot be" ta toshe ƙofa gaba ɗaya. In abin ya riga ya wuce, sai a ƙara have: "must have gone", lalle ya tafi, "might have gone", wataƙila ya tafi.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Wanda ya ce "za mu haɗu" ya ɗaura niyya, wanda kuwa ya ce "ma haɗu" ya bar abin ga hali.

Batun bai tsaya ga jarrabawa kaɗai ba. Mai neman aiki da aka rubuto wa cewa "you may be invited" ba a yi masa alkawarin komai ba, saboda haka kada ya saki aikin da ke hannunsa. Takardar magani da ta ce "may cause drowsiness" gargaɗi ce cewa barci yana iya ɗaukar mai sha, direban babbar mota kuwa bai kamata ya yi caca da wannan ba. Mai ba da shaida a kotu da ya ce must inda might ce iyakar saninsa, yana iya jawo wa marar laifi ɗauri.

A harshen doka kuma kalmomin suna da wata fuska, ta wajibci da zaɓi. Sashe na 58 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya yi amfani da shall wajen wajabta wa Shugaban Ƙasa ya bayyana cikin kwana 30 ko ya amince da shirin doka ko bai amince ba. Sashe na 175 kuwa, mai maganar yi wa masu laifi afuwa, may ya ce, wato in ya ga dama.

Don haka duk wanda takardar Turanci ta zo hannunsa, ya fara duba 'yar kalmar da ke gaban aikatau kafin ya yi murna ko ya ɗaga hankalinsa.